Fashin baƙi: Makomar Tij Iginla, jikan ɗan Najeriya a ƙwallon gora ta ƙanƙara, da darasin da ke ciki ga matasan Gombe

A unguwar Gabukka da ke birnin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, da zarar an idar da sallar La'asar akan ga yara da matasa sun cika duk wani fili da ƙwallo za ta iya gangarawa a kai. A kowane fili kuma akwai yaro ɗaya da ake nunawa da yatsa, wanda 'yan kallo suka riga suka yanke masa hukunci cewa Turai ce makomarsa.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: mene ne ke tsakanin wannan yabo da sana'ar da za ta ciyar da mutum da iyalinsa?

Akwai wani wasa da ba a buga shi a Gombe, wanda ya fi ƙwallon ƙafa bayar da amsar wannan tambaya a fili, domin a cikinsa ana jera matasa ne bisa lamba, daga na ɗaya har zuwa na ɗari biyu da ɗoriya, sannan shekaru su nuna wanda lambarsa ta yi gaskiya. Wasan shi ne ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki. Ɗaya daga cikin matasan da ake sa wa ido a cikinsa kuwa shi ne Tij Iginla, wanda kakansa na wajen uba ɗan Najeriya ne.

Yadda wasan yake da yadda ake zaɓen matasa

Ana buga hoki ne a kan daskararriyar ƙanƙara, 'yan wasa na sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili har da mai tsaron raga, kuma ana raba wasan gida uku, kowanne minti 20. Gasar da ta fi kowace daraja da kuɗi a duniya ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a ƙasashen Amurka da Kanada.

A wannan gasa ƙungiya ba ta sayen matashi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Sau ɗaya a shekara, galibi a ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyin kan zauna su zaɓi matasan da suka kai shekara 18, bi da bi, a zagaye bakwai. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ke samun damar fara zaɓe, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Manufar ita ce kada masu kuɗi su kwashe duk masu hazaƙa su bar saura da hamma.

Matashin ba shi da ta cewa kan inda za shi. Ƙungiyar da ta kira sunansa ita ke da haƙƙin ƙulla kwantiragi da shi a gasar. Abin lura a nan shi ne, kiran suna ba ɗaukar aiki ba ne. Ƙungiya kan zaɓi kimanin mutum bakwai a kowace shekara, alhali 'yan wasan da aka yarda ta riƙe a babbar tawagarta ba su wuce 23 ba, kuma mafi yawan guraben na hannun waɗanda suka riga suka kafu.

Wane ne Tij Iginla?

An haifi Tij a watan Agustan 2006. Mahaifinsa, Jarome Iginla, na cikin gwarzayen da wasan ya taɓa gani. An haifi Jarome a birnin Edmonton na Kanada a 1977, ɗa ga wani Bayarabe da ya je ƙasar daga Najeriya ya zama lauya. Sunan Iginla a Yarabanci na nufin babban itace.

Jarome ya buga wasanni 1,554 a NHL, ya ci ƙwallaye 625, ya daɗe yana kyaftin ɗin ƙungiyar Calgary Flames, ya kuma ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2002 da ta 2010. A 2002 ya zama baƙar fata na farko da ya fi kowa tara maki a kakar wasa guda. An zaɓe shi cikin zauren karrama gwarzayen hoki a 2020.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma farkon tafiyar Tij bai yi kama da gudu ba. A cikakkiyar kakarsa ta farko a gasar matasa ta yammacin Kanada, WHL, ƙwallaye 6 kacal ya ci a wasanni 48 da ya buga wa Seattle Thunderbirds. Ƙungiyar na cike da manyan 'yan wasa, har ta ɗauki kofin gasar a 2023, don haka ɗan shekara 16 bai samu isasshen lokaci a fili ba.

Da aka mayar da shi Kelowna Rockets a 2023, sai labari ya sauya. A kakar 2023/2024 ya ci ƙwallaye 47, ya bayar aka ci 37, a wasanni 64. Daga nan ya bi tawagar Kanada ta 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa Finland, inda suka ɗauki kofin duniya na 2024.

A ranar 28 ga Yunin 2024, a birnin Las Vegas, ƙungiyar Utah ta kira sunansa a matsayin na shida a duk duniya. Mahaifinsa na 11 aka zaɓe shi a 1995. Tij ya kuma zama matashi na farko da sabuwar ƙungiyar ta taɓa zaɓa a tarihinta, domin a watan Afrilun shekarar ne aka kafa ta a birnin Salt Lake City da 'yan wasan tsohuwar ƙungiyar Arizona Coyotes. A watan Mayun 2025 ta sauya suna zuwa Utah Mammoth.

Abin da ya ja hankalin masu farautar 'yan wasa gare shi shi ne ƙarfin harbinsa da saurin sakin faifan, da kuma yadda ba ya gudun gumurzu a kusurwoyin fili, inda ake gwada ƙarfi da juriya. Yana buga gaba, a tsakiya ko a gefe. Irin wannan ɗan wasa ne ƙungiyoyi ke fatan su gina sahunsu na gaba a kansa.

Nawa ne kuɗin, kuma yaushe yake zuwa?

A watan Yulin 2024 Tij ya sanya hannu kan kwantiragin shekara uku, irin wanda dokar gasar ta tanadar wa sababbin shiga. Dokar ta ƙayyade cewa albashin wanda aka zaɓa a 2024 ba zai wuce dala 975,000 a shekara ba, ban da ladan bajinta.

Sai dai kwantiragin fuska biyu gare shi. Wancan albashi na wanda ke cikin babbar tawaga ne. Idan aka tura matashi ƙaramar gasar ƙwararru ta AHL domin ya ƙara gogewa, abin da zai karɓa a shekara bai kai dala 100,000 ba. Idan kuwa aka mayar da shi gasar matasa, kuɗin sanya hannu ne babban abin da zai riƙe.

Akwai wata ƙa'ida kuma. Matashi mai shekara 18 ko 19 da bai buga wasanni goma a NHL cikin kaka ba, ba a lissafa masa wannan shekarar cikin ukun kwantiraginsa. Shi ya sa ƙungiyoyi kan gwada yaro a wasanni tara, su mayar da shi idan suka ga bai nuna ba. Bisa yarjejeniyar da ake bi a lokacin da aka zaɓi Tij, wanda ya fito daga gasar matasa ta Kanada ba ya zuwa AHL sai ya kai shekara 20: ko dai babbar tawaga, ko komawa inda ya fito. Ga Tij, bayan cikarsa shekara 20 a watan Agustan 2026, ƙofa ta uku ita ce Tucson Roadrunners, ƙaramar ƙungiyar da Utah ke renon 'yan wasanta a ciki.

Babban kuɗi yana kwantiragi na biyu ne. Misalin na nan a cikin gida: Dylan Guenther, wanda aka zaɓa na tara a 2021, ya sanya wa Utah hannu a watan Satumban 2024 kan kwantiragin shekara takwas na kimanin dala miliyan 57. Kafin ya kai nan sai da aka mayar da shi gasar matasa, aka kuma tura shi Tucson. 'Yancin zaɓar ƙungiyar da mutum yake so kuwa ba ya samuwa sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai a gasar.

Abubuwa uku da ke gabansa

Na farko shi ne lafiya. A watan Disamban 2024, bayan ya ci ƙwallaye 14 a wasanni 21, an yi wa Tij tiyata a ƙugu, abin da ya kawo ƙarshen kakarsa. A wasan da ƙarfinsa ke fitowa daga tunkuɗar ƙafa a kan ƙanƙara, ƙugu shi ne jari. 'Yan wasa da dama sun warke daga irin wannan aiki sun ci gaba, amma rasa fiye da rabin kaka a shekara 18 asara ce ta lokacin da jiki da basira suka fi saurin bunƙasa.

Na biyu shi ne gasa a cikin gida. Utah na da matasa masu buga gaba da suka riga shi kafuwa, irin su Logan Cooley da aka zaɓa na uku a 2022, da Guenther, ga kuma kyaftin Clayton Keller. A 2025 ƙungiyar ta sake zaɓar wani ɗan gaba, Caleb Desnoyers, a matsayi na huɗu. Kowace shekara sabon yaro na shigowa da irin yabon da aka yi wa na bara.

Na uku shi ne nauyin suna. Magoya bayan Calgary da dama sun so a ce ƙungiyarsu, wadda ke da zaɓi na tara a 2024, ita ta samu ɗan gwarzonsu, musamman da yake Jarome na aiki da ita a matsayin mai ba da shawara. Utah ta riga su. Wasu masu sharhi na ganin hakan alheri ne ga yaron, domin a Salt Lake City ba zai riƙa buga wasa a ƙarƙashin rigar mahaifinsa mai lamba 12 da aka rataye a rufin filin Calgary ba. Duk da haka, wanda zai ci ƙwallaye 25 a kaka a yaba masa, idan sunansa Iginla ne za a tambayi me ya hana shi cin 50.

Abin da tarihi ya nuna

'Yan Najeriya biyu sun riga Tij bin wannan hanya, kuma labarinsu ya nuna tazarar da ke tsakanin zaɓe da zama.

Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya ranar 7 ga Yulin 1975 ya kuma tashi a lardin Ontario na Kanada, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL. Buffalo Sabres ta zaɓe shi na 69 a 1994. Mai tsaron baya ne mai ƙarfin jiki, kuma tsakanin 1996 da 2000 ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta Thrashers wasanni 69. Sauran shekarunsa na wasa ya yi su ne a ƙananan gasanni da kuma Turai, ciki har da Coventry Blaze ta Ingila. Ya ci abinci da wasan na shekaru masu yawa, amma ba a kan teburin da aka yi masa hasashe ba.

Akim Aliu kuwa an haife shi a Okene ta Jihar Kogi a 1989, ya yi ƙuruciya a Yukren, ƙasar mahaifiyarsa, kafin iyalin su koma Toronto. Chicago Blackhawks ta zaɓe shi na 56 a 2007. Wasanni bakwai kacal ya buga a NHL, duka da rigar Calgary. A 2019 ya fito fili ya bayyana kalaman wariyar launin fata da wani koci ya yi masa a ƙaramar gasa, lamarin da ya kai ga kocin ya ajiye aikinsa. A 2020 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da wariya a wasan. Labarinsa ya nuna cewa ba hazaƙa kaɗai ke yanke hukunci ba, har da hannun da yaro ya faɗa.

Ko lamba ta ɗaya ba ta da tabbas. Nail Yakupov na Rasha, wanda Edmonton Oilers ta zaɓa na farko a 2012, ya buga wasanni 350 ba tare da ya kai inda aka zata ba, ya koma gida a 2018. Ɗan ƙasarsu Pavel Datsyuk kuwa sai a lamba ta 171 aka kira shi a 1998, amma ya ɗauki kofin Stanley sau biyu da Detroit Red Wings.

Wanda tafiyarsa ta fi dacewa a auna Tij da ita shi ne Nazem Kadri, wanda Toronto ta zaɓa na bakwai a 2009. Sai da ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin babbar tawaga da ƙarama kafin ya samu gurbi na dindindin a 2013. A 2022, shekara 13 bayan zaɓensa, ya ɗauki kofin Stanley da Colorado Avalanche, ya kuma kai shi masallacin garinsu, London ta Ontario. Matsayi na shida na ba matashi abu ɗaya mai daraja: ƙungiya za ta yi haƙuri da shi, ta ba shi dama fiye da sau ɗaya, domin ta zuba jari a kansa. Sauran aikin nasa ne.

Darasi ga filayen Gombe

Ba a sa ran ganin filin ƙanƙara kusa da filin wasa na Pantami, inda Gombe United ke karɓar baƙi. Amma yaron da ake yabo a Gabukka da wanda aka kira sunansa a Las Vegas matsalarsu ɗaya: an yi musu alkawari tun ba su gama girma ba. Bambancin shi ne tsarin da ke kewaye da kowannensu.

A hoki komai a rubuce yake: shekarun zaɓe, iyakar albashi, inda za a tura yaro idan bai nuna ba. Gasar WHL ma na ba ɗan wasa tallafin karatun shekara ɗaya a jami'a ko kwaleji kan kowace kaka da ya buga, idan bai samu babban kwantiragin ƙwararru ba. A ƙwallon ƙafa babu zaɓe irin wannan. Hanyar yaro kan bi ta hannun dillali ne, kuma a nan ake samun iyayen da ke sayar da fili ko gona domin biyan kuɗin gwajin da ba shi da tushe.

Amma ƙwallon ƙafa ma na da dokokinta, waɗanda ya kamata iyaye su sani. Hukumar FIFA ta haramta kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu yanayi ƙalilan. Ahmed Musa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Duk wanda ya zo da alkawarin kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, to a bincike shi da kyau.

Haka kuma dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗi na bin rajista ne. Makarantar horar da ƙwallo da ba ta yi wa yaranta rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ba, da wuya ta ga ko kwabo ranar da ɗayansu ya yi tsada.

Jinkiri da rauni kuwa ba baƙi ba ne a ƙwallon ƙafa. Victor Osimhen ya ci ƙwallaye 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, amma bai ci wa Wolfsburg ta Jamus ko ɗaya ba. Sai da ya sauka zuwa Charleroi ta Beljiyam ya sake gina kansa, kafin Lille da Napoli, da kambun gwarzon Afirka na 2023. Abdullahi Nura kuwa, wanda Roma ta Italiya ta ɗauka yana matashi, ya ajiye takalmansa a 2021 yana da shekara 23 bisa shawarar likitoci. Na farko ya nuna amfanin haƙuri, na biyu ya nuna dalilin da ya sa bai kamata yaro ya bar makaranta ko sana'a saboda yabon 'yan kallo ba.

Ina aka dosa?

Idan aka haɗa komai, Tij Iginla na cikin matasan da suka fi kowa kyakkyawar dama a wasansa. Yana da harbi, yana da kwantiragi, yana da ƙungiyar da ke buƙatar ya yi nasara, yana kuma da uban da ya san kowane lungu na hanyar. An ba Kelowna karɓar baƙuncin gasar Memorial Cup ta 2026, babbar gasar matasa ta Kanada, wadda ke ba mai masaukin baƙi gurbi kai tsaye.

Abubuwan da za su nuna inda ya dosa ba ɓoyayyu ba ne: ko ƙugunsa zai ɗauki nauyin cikakkiyar kaka, ko ƙwallayen da yake ci a gaban sa'anninsa za su ci gaba da shiga a gaban manya, da kuma ko zai wuce wasa na goma a NHL. Amsar ba za ta fito a kaka ɗaya ba. A wannan wasa akan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar kafin a san ko zaɓe ya yi kyau, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ga iyayen yaron da ake nunawa da yatsa a Gabukka kuwa, tambayoyin da suka fi yabo amfani guda huɗu ne: shin yana da rajista, wa ke wakiltarsa kuma da wace takarda, wa zai biya kuɗin asibiti idan ya ji rauni, sannan me zai koma yi idan ƙwallo ta ƙi.